An ce sai tiyatar muƙamuƙi, ta yaya zan san za a dace kafin a yi?

Wata 'yar uwa ce ta turo daga Kano, na ɗan taƙaita saƙon nata:

"Assalamu alaikum Anti Likita. Ni malamar makaranta ce, shekarata 34, yarana uku. Kusan shekara huɗu kenan muƙamuƙina na hagu yana ƙas-ƙas in ina cin abinci ko hamma, ban damu ba tunda ba ciwo. Wata takwas da suka wuce na tashi da safe bakina ya ƙi buɗuwa, ƙarar ta ɗauke amma yanzu da ƙyar yatsa biyu ke shiga, ga ciwo a gaban kunne. Ga ciwon kai da wuya da kafaɗu, bana samun barci, maigida yace ina cije haƙora da daddare. Ina shan dikulofenak, wataran tiramadol in abin ya yi tsanani. An min hoton MRI aka ce faifan gaɓar ne ya goce kuma ba ya komawa. Likita ɗaya yace tiyata, wani yace in dakata. Na tambayi na farkon ko zan warke in an yi, yace sai an yi za a gani. Maigida yana so ya sayar da filinsa ya kaini Masar. Dan Allah akwai yadda za a san tiyatar zata yi kafin a yi ta? Ina tsoron asarar kuɗi, ina kuma tsoron fuskata ta karkace."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi ya sa kaffara ne. Wata takwas mutum yana tura loma ta tsakanin yatsa biyu, kuma kullum ya tsaya gaban aji yana magana tun safe har azahar, wallahi ba ƙaramin abu bane, na tausaya miki sosai.

Garanti kam babu likitan da zai baki, wanda ya baki ma ki ji tsoronsa. Amma "sai an yi za a gani" ita ma amsar bata cika ba, domin akwai abubuwan da ake dubawa tun kafin a taɓa mutum, waɗanda suke nuna wa ya fi kusa da dacewa, wa kuma zai iya fitowa da ciwonsa yadda ya shiga dashi ko ma ya ƙaru. Da yawansu ke da kanki kin riga kin faɗa min a saƙonki, wasu suna goyon bayanki wasu kuma basa goyon bayanki. Hukuncin ƙarshe na likitan da ya sa hannu ya duba fuskarki ne, amma abin da na karanta ya isa in ce miki a dakata da maganar sayar da filin nan tukunna.

Ki sa yatsa a gaban kunnenki ki buɗe baki, abin da kika ji yana motsi kan ƙashin muƙamuƙi ne, yana zaune a wani ɗan lungu a ƙasan ƙoƙon kai. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai ɗan faifai na guringuntsi, aikinsa aikin gammo ne tsakanin kai da tulu. In zaki buɗe baki ƙashin yana fara juyawa ne sannan ya zame gaba, faifan yana binsa. Shekara huɗun da kika yi kina jin ƙas-ƙas faifan ya riga ya goce gaba, amma in kin buɗe baki sai ƙashin ya haye kansa ya koma mazauninsa, shine ƙarar da kike ji. Ranar da ƙarar ta ɗauke baki ya ƙi buɗuwa, ranar ce ya goce ya daina komawa ya tokare hanya, juyawar tana nan amma zamewar ta tsaya, shi yasa masu irin wannan suke tsayawa a wajen milimita 25 zuwa 30, alhali mai lafiya yana buɗe 40 zuwa 50, wajen yatsa uku kenan. In kin duba madubi mai yiwuwa zaki ga haɓarki tana karkata hagu in kina buɗewa.

Toh ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Da an nuna musu hoton MRI an ce kin ga faifan ya goce, sai zuciya ta yanke cewa ai shikenan a buɗe a mayar dashi a huta. Hoton nan shi kaɗai ba ya faɗin yadda tiyata zata kasance. An taɓa ɗaukar mutane masu lafiya garau, ba ciwo ba ƙara ba komai, aka yi musu MRI na wannan gaɓar, kusan ɗaya cikin uku aka samu faifansu a goce, kuma suna cin tsirensu lafiya lau. A Japan kuma a 1998 Kurita da abokan aikinsa sun wallafa abin da suka gani a mutum 40 masu irin matsalarki sak, faifai ya goce ba ya komawa, waɗanda ba a yi musu magani ba aka dai riƙa bibiyarsu shekara biyu da rabi. Kusan uku cikin huɗu ko dai ciwon ya tafi gaba ɗaya ko ya ragu sosai. Faifan bai koma ba fa, naman da ke bayansa ne yake miƙewa a hankali ya yi tauri ya karɓi aikin, gaɓar ta saba da sabon zama. Ɗaya cikin huɗu ne suka ci gaba da fama, kuma duk maganar hasashen nan ƙoƙari ne na gano ko kina cikinsu.

Akwai wani binciken da nake so ke da maigida ku sani kafin ku je wajen dillalin fili. A Minesota ta Amurka, Schiffman da tawagarsa sun ɗauki mutum 106 masu bakin da ya kulle irin naki suka raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a, wasu magani da shawarwari kawai, wasu gashi da motsa gaɓa wajen masu fisiyo, wasu tiyatar kyamara, wasu kuma tiyatar da ake yankawa a buɗe gaɓar. Aka bi su har shekara biyar, aka wallafa a 2007. Duka gidajen huɗu sun samu sauƙi, kuma ba a ga wanda ya tsere wa wani ba a ciwo ko a aikin baki. Wannan ba yana nufin tiyata banza bace, wasu daga cikin waɗanda aka fara da magani daga baya sai da aka yi musu. Abin da yake nufi shine wanda ya fara da hanya mai sauƙi bai yi asarar komai ba.

Yanzu bari mu zo kanki. Tambaya ta farko da zan miki in kina gabana ita ce, me kike so tiyatar ta yi miki, bakin ya buɗu ko ciwon ya tafi? Nasan zaki ce duka biyun, amma ki raba su a ranki domin hasashensu ba ɗaya bane. Buɗuwar baki matsala ce ta abu ya tokare, in an saki abin da ya riƙe yawanci baki yana ƙaruwa, wannan ana iya hasashensa da ɗan ƙarfin gwiwa. Ciwo shine mai wuyar sha'ani. Har a babbar tiyatar da ake cire gaɓar gaba ɗaya a sa ta ƙarfe da roba, abin da aka fi samun tabbaci a kai shine buɗe baki da tauna, ciwo kam wani ya ragu sosai wani ya ragu kaɗan wani yana nan. In likita yace miki tiyatarsa tana nasara kashi kaza, ki tambaye shi nasarar me yake nufi, milimita ko ciwo.

Abin da ya fi komai nuna makomar ciwon shine daga ina yake fitowa. In nace ki nuna min inda ke miki ciwo, da yatsa ɗaya zaki nuna ko da tafin hannu? Mai nunawa da yatsa ɗaya daidai gaban kunne, wadda ciwon yake tashi in ta tauna ko ta buɗe baki ya lafa in ta huta, wadda in ta ciji abu da haƙoran dama sai gaɓar hagu ta amsa, wannan ciwonta a cikin gaɓa yake kuma ita ce tiyata ta fi yi wa amfani. Mai shafa tafin hannu tun daga kunci zuwa gefen kai zuwa wuya, wadda take tashi da safe da fuska a gajiye kamar ta kwana tana tauna, wadda in an danna naman kuncinta ko na gefen goshi sai ta zabura, wannan ciwon tsoka ne, kuma wuƙa bata maganin ciwon tsoka ko a Alkahira aka yi ko a Landan. Ke kuma yadda kika bayyana kina da alamun duka biyun, ciwon gaban kunne da kullewar baki na gaɓa ne, ciwon kai da wuya da kafaɗu da cije haƙora na tsoka ne. Abin da ya rage a gano wanne ya fi yawa.

Kuma akwai hanyar ganowa mai arha wadda ban ga kin ambata an miki ba. Likitan tiyatar baki da fuska zai iya yi miki allurar kashe zafi, irin wadda ake yi in za a cire haƙori, a cikin gaɓar ko a jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga gaɓar. Sai a jira mintuna kaɗan a tambaye ki. In ciwon ya ɗauke ko ya ragu sosai, toh daga gaɓar yake, alama ce mai kyau. In gaban kunnen ya mutu amma ciwon da ya dame ki yana nan daram, ƙanwata an gaya miki amsar da kike nema ba tare da an yanka ki ba. Allurar tana iya sa girar wannan gefen ta yi nauyi ko ido ya ƙi rufuwa sosai na 'yan awanni, kar ki firgita, yana sakewa in maganin ya fita. Ni a ganina bai kamata a yanka gaɓar mutum saboda ciwo ba sai an yi wannan gwajin.

Sai maganar da nasan wasu basa son ji, kuma ina roƙonki kar ki ɗauke ta da wata fuska. Masu ciwo a wurare da yawa na jiki, ciwon kai mai yawan dawowa, ciwon baya, ciwon jiki gaba ɗaya irin wanda ake kira faibromayaljiya, da masu rashin barci, da masu fama da damuwa ko fargaba, an sha gani a bincike cewa sakamakon tiyatarsu ya fi rauni ta ɓangaren ciwo. Ba ana cewa ƙarya kike ba, ko wai a ranki ne kawai, ciwon gaskiya ne kina jinsa. Abin da ke faruwa shine in ciwo ya daɗe, ga barci babu, ga tunani, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa suna zama masu saurin tashi, abu kaɗan sai su kai shi da girma, toh ko an gyara gaɓar su basu san an gyara ba, yankan ma kansa wani sabon ciwo ne da za a ɗora musu. Shi yasa tsarin binciken wannan cuta da aka fitar a 2014, wanda ake kira DC/TMD, ya zo da ɓangare biyu, ɗaya na duba gaɓa da tsoka, ɗaya na tambayoyi kan barci da damuwa da yadda ciwon ya hana mutum harkokinsa. In likita ya tambaye ki yanayin gida da wurin aiki ba gulma yake nema ba, ki faɗa masa gaskiya. Abin daɗin shine wannan ɓangaren ana iya gyara shi kafin tiyata, wadda ta gyara barcinta ta rage cije haƙora ta canza hasashen nata da hannunta.

Tiramadol ɗin nan ma yana cikin lissafi. Wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan magungunan kafin tiyata ya fi shan wuya bayanta, domin jiki ya saba dasu kuma suna iya ƙara wa jijiyoyi saurin jin ciwo. Ki faɗa wa likitanki nawa kike sha da kuma sau nawa, ba kunya, in ya zama kusan kullum ne kar ki yanke shi lokaci ɗaya, shi zai tsara miki yadda zaki sauka a hankali.

Abubuwan da ke goyon bayanki kuma suna nan. Gefe ɗaya ne. Kin san ranar da ya kulle kuma labarin ya tafi daidai da hoton. Shekarunki basu ja ba. Wata takwas ba sabo bane, domin wankin gaɓa, wanda zan yi miki bayaninsa nan gaba, ya fi kyau a watannin farko na kullewa, amma kuma ba irin wadda ta shekara biyar a kulle bace. Abu mafi girma, ba a taɓa yi miki tiyata a wurin ba. Saura ki tambaya yaya ƙashin yake. Wani likita Ba'amurke mai suna Wilkes ya kasa wannan cuta mataki biyar a 1989, daga na ɗaya mai ƙara kawai ba ciwo, zuwa na uku inda faifai ya goce ba ya komawa amma ƙashi lafiya, zuwa na huɗu da ƙashin ya fara canzawa, zuwa na biyar da faifan ya huje ƙashi ya zaizaye. Ki ce wa likita a wane mataki nake, domin ƙananan hanyoyi sun fi aiki in ƙashi bai lalace ba. In kuma kina da kumburi ko sandarewar yatsu da safe, ko wasu gaɓoɓin suna ciwo, a yi gwajin jini na amosanin gaɓɓai irin rumatoyid, in shine a ƙasa duk gyaran da aka yi cutar zata koma ta ci.

Ita kalmar tiyata ma da kika ce likita ya faɗa, wacce daga ciki? Suna da yawa kuma tazararsu da nisa. Mafi sauƙi shine wankin gaɓa, wanda Nitzan da abokan aikinta suka bayyana a 1991, allura biyu ake sakawa a gaban kunne, ruwan asibiti ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗaya, ya wanke sinadaran kumburi ya saki inda ya manne, sannan likita ya motsa muƙamuƙin. Ba yanka, ba ɗinki, sau da yawa a ranar ake komawa gida. Rahotannin asibitoci da yawa suna kawo nasarar bakwai zuwa tara cikin goma, amma ki sani waɗannan alƙaluman na marasa lafiyar da aka zaɓa ne, masu kullewa da ciwon cikin gaɓa. Sama dashi akwai ta kyamara, wadda Ohnishi ya fara a Japan a 1975, ana shiga ta ɗan ƙaramin rami a gani da ido a yanke manne-mannen. Sai ta buɗewa, inda ake ɗinke faifan a mazauninsa ko a cire shi. Ta ƙarshe ita ce canza gaɓar gaba ɗaya, wannan ta waɗanda gaɓarsu ta gama lalacewa ce, ba ta shafe ki ba sam. A 2023 mujallar likitanci ta BMJ ta fitar da jagora kan ciwon muƙamuƙin da ya wuce wata uku, suka ba da ƙarfi ga motsa gaɓa da miƙe tsoka a hannun masu fisiyo da koyon dabarun zama da ciwo, suka yi hani mai ƙarfi da cire faifai, wankin ma basu goyi bayansa ba in ciwo ne kawai ake son magancewa. Ke abin da zai sa a yi tunanin wankin a kanki kullewar ce.

Dalilin da yasa nake ta jan ki baya daga ta buɗewa shine akwai abu ɗaya da kusan duk masu wannan aikin suka yarda dashi, tiyatar farko ita ce dama mafi kyau, duk wadda ta biyo baya nasararta tana raguwa musamman a ciwo, saboda tabo yana taruwa a ciki, jini ya rage zuwa wurin, jijiyoyi su ji rauni. Da wuya aka koyi wannan darasin. A shekarun 1980 a Amurka wani kamfani mai suna Vitek ya ƙera faifan roba na Proplast-Teflon, aka riƙa cire wa mutane faifansu ana saka musu shi, dubban mutane, yawancinsu mata. Robar ta riƙa ragargajewa a cikin gaɓa, jiki ya tayar mata da yaƙi, ƙashi ya riƙa zaizayewa. A ƙarshen 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi aka janye shi, kamfanin ma ya riga ya karye, matan nan kuma da yawansu suka shiga tiyata kan tiyata, wasu har yau suna fama. Duk lokacin da na tuna labarin nan raina yana ɓaci, domin da yawa cikinsu sun shiga ne da matsalar da bata fi taki ba.

Tsoron karkacewar fuska kuma kina da hujja, jijiyar da ke motsa fuska tana ratsawa kusa da wurin. A tiyatar buɗewa reshen da ke ɗaga gira da rufe ido ne ya fi taɓuwa, yawanci saboda jan da ake yi masa, kuma mafi yawa yana dawowa cikin makonni zuwa watanni, wanda ke zama dindindin kaɗan ne, haɗarin yana ƙaruwa in an taɓa yanka wurin a baya. A wankin gaɓa wannan haɗarin ƙanƙani ne ƙwarai. Ki tambayi duk likitan da zai yi miki sau nawa yake irin wannan aikin a shekara, haƙƙinki ne, ba rashin kunya bane.

Maganar Masar, ba ina cewa babu ƙwararru a can ba, akwai. Damuwata ita ce rabin nasarar wannan aikin bayan an tashi daga gadon tiyata ake samunta, watanni na motsa baki kullum ko yana ciwo, da komawa ana aunawa ana gyara. Wadda aka yi wa aiki ta hau jirgi bayan sati biyu, in baki ya fara komawa wa zata nuna wa? Kina Kano, akwai sashen tiyatar baki da fuska a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ki fara neman ra'ayin babban likita a irin waɗannan wuraren. In an bi matakan aka kai inda ake buƙatar na'urar da babu a kusa, lokacin ne maganar tafiya zata taso, kuma ki tafi da wanda zai ci gaba da bibiyarki a gida.

Bari in ɗan ratse saboda iyaye masu karantawa, kar wani ya ɗauki wannan shawarar ta dakatawa ya ɗora wa yaronsa. Yaron da ya faɗo ya bugi haɓa, ko ya yi ciwon kunne mai ruwa da ba a kula ba, ko cutar noma mai cin fuska ta kama shi, sai a ga bakinsa yana raguwa a hankali har ya kulle, haɓarsa ta ƙi girma, wannan ƙashi ne ya haɗe da ƙashi ko tabo ya ɗaure, muna ganinsa a arewa, a Sakkwato ma akwai asibiti na musamman na yara masu noma tun 1999. Shi wannan babu gashi ko magani da zai buɗe shi, tiyata ce dole kuma jinkiri cutarwa ne. Abin da ke nuna makomarsa shine a cire ƙashin da ya isa, a sa wani nama a tsakani, sannan iyaye su jure kukan yaron su riƙa buɗa masa baki kullum na tsawon watanni, in aka ji tausayi aka bari sai ya sake haɗewa.

Ke dai ga abin da zan so ki yi. Ki ba kanki wata uku na magani na gaske, domin shan dikulofenak daga kemis ba shine an gwada magani ba. Ki nemi a tura ki wajen masu fisiyo su koya miki miƙe muƙamuƙi da sakin tsokar kunci da wuya. Ki ajiye kilishi, rake, aya, ganda, goro da cingam, ki koma fate, alale, tuwo mai laushi, dankali, ƙwai, kifi, fura da nono, amma kar ki daina motsa bakin gaba ɗaya, gaɓar da aka bari a zaune ƙara sandarewa take. Gashi da tawul mai ɗumi minti goma zuwa sha biyar safe da dare. Da rana ki riƙa kama kanki, leɓe a rufe amma haƙoran sama da na ƙasa kar su haɗu, zaki yi mamakin yawan lokacin da kike cije su kina makin littattafan yara. Likitan haƙori zai iya yi miki robar da ake sawa a haƙora a kwana da ita, ba kowa take rage wa ciwo ba amma tana kare haƙora, sai dai kar ki yarda a goge miki haƙora ko a sa miki waya da sunan maganin gaɓa. Dikulofenak wata da watanni yana jawo olsa yana taɓa ƙoda, a tsara miki shi na ɗan lokaci bayan cin abinci, in kina da ciki ko kina nema ki faɗa. Barcin ma a yi maganarsa, akwai magungunan da likita ke bayarwa kaɗan da daddare masu taimakon barci da ciwon tsoka tare.

Ki samu rula ki riƙa auna tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa duk Juma'a, ki rubuta, ki kuma ba ciwon maki daga 0 zuwa 10. In bayan wata ukun kin doshi milimita 35 ciwo yana sauka, ki ci gaba a haka ba kya buƙatar tiyata. In kina nan a yatsa biyu kuma allurar gwaji ta ɗauke ciwon, a yi wankin gaɓa, a nan ina da kyakkyawan zato a kanki. In ma likita ya ga bayan sati shida babu motsi ko kaɗan ya ce a matso da wankin, ba zan ja dashi ba. In kuma allurar bata taɓa ciwon ba, a mayar da hankali kan tsoka da barci da ciwon kan, wanki zai iya ƙara miki buɗuwa amma kar ki sa ran shi zai raba ki da ciwo.

Abin da ba a jira dashi wata uku shine zazzaɓi da kumburin wurin, leɓe ko haɓa su mutu ki daina jinsu, haƙoranki su daina haɗuwa yadda suka saba, ƙullutu a gaban kunne ko wuya, gyambo a baki da ya ƙi warkewa, ko bakin ya ci gaba da raguwa, in kin ga ɗaya ki koma asibiti a satin. Ranar da zaki ga babban likita ki tafi da maigida ya ji bayanin da kunnensa, ki tafi da hoton MRI ɗin kansa ba takardar sakamako kaɗai ba. In an yi allurar gwajin ki rubuto min makin ciwonki kafin a yi da bayan an yi, da awon bakinki na wannan satin.